Shaidar Dogara Mai Gyaran Tuƙa-tuƙa

Duk ƙauyen da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, in famfonsu na tuƙa-tuƙa ya daina kawo ruwa, sunan mutum ɗaya ake kira, Dogara. Gajere ne kakkaura mai ƙaramar murya, tafin hannunsa duk ya yi kanta saboda riƙon ƙarfe. Ba shi da shago, ba shi da allo mai sunansa a bakin titi. Abin da ya mallaka na sana'a bai wuce buhun sifanu da robobi ba, sai dogayen bututun ƙarfe da yake yawo da su in aikin ya kai ga canji. Kirista ne, ɗan wata 'yar unguwa a gefen Surko, inda kakanninsu suka karɓi addinin tun zamanin Turawan mishan suka kuma zauna a kai. Hausa suke yi kamar kowa, gero da riɗi suke nomawa kamar kowa. In ba ranar Lahadi ka je ba, da wuya ka ga bambanci.

Cocinsu ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin kwano. Fasto Iliya, wanda ke kula da su, yana da wasu unguwannin a wuyansa, don haka sai a yi makonni ba a ga babur ɗinsa ba. Sauran ranakun Dogara ne ke tsayawa a gaba ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta. Ba wa'azi yake yi ba, bai taɓa cewa ya iya ba. Karatu kawai, a hankali, yatsansa na bin layi. Amma tsofaffin matan unguwar da ba su taɓa shiga aji ba, duk abin da suka sani na Littafin da muryarsa suka san shi. Matarsa Rifkatu takan tsokane shi ta ce ranar da mura ta kama shi, rabin unguwa ba su da Allah sai ya warke. Shi kam ba ya dariyar wannan. A wurinsa karatun nan shi ne abin da ya sa shi mutum, gyaran famfo kuwa hanyar tuwo ce kawai.

Direbobin tasha ba sa son ɗaukarsa, don bututunsa na karce musu fenti. Mutum ɗaya ne bai damu ba, Abdulnasir, direban wata tsohuwar motar haya da fentinta ya riga ya gama tafiya. Shi yakan ɗaure bututun a saman mota da kansa, ya kori duk wanda ya riga ya zauna a gaba, ya ce, "Koma baya, wannan kujerar Malam Dogara ce." Dogo ne siriri, bakinsa ba ya shiru, kuma irin mutanen nan ne da ba su yarda da rediyo ba amma ba sa iya wuni ba su kunna ta ba. Yana tuƙi yana murɗa ta daga wannan tasha zuwa waccan, ba don ya ji labari ba, sai don ya kama su da ƙarya.

"Kun ji ko?" zai ce wa fasinja. "Waccan ta ce mutum goma suka mutu, wannan ta ce ashirin, ta gwamnati kuma ta ce ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Wuri ɗaya fa, rana ɗaya!"

Wata rana suna hanyar Gwaram, ya kashe rediyon da kansa, abin da bai saba ba, ya dubi Dogara da murmushin neman magana.

"Malam Dogara, ashe littafin naku ma tasha huɗu ne?"

"Linjila huɗu ne," in ji Dogara. "Mutum huɗu suka rubuta. Labarin ɗaya ne."

"Ɗaya? To tsaya. Mu dai ba mu ce an gicciye Annabi Isa ba, amma bari in bi ta taku. Mece ce maganarsa ta ƙarshe? An ce mini wannan ya rubuta kuka ya yi cewa an yashe shi, wancan ya rubuta ya miƙa ransa cikin natsuwa, wani kuma ya ce cewa ya yi aiki ya kammala. Ni wace tasha zan kama?"

Fasinja suka kwashe da dariya. Wani tsoho daga baya ya ce, "Direba, don Allah dubi hanya."

Dogara bai yi fushi ba. Ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce, "Ɗan jarida albashi yake ci, wanda ya biya shi shi yake yi wa waƙa. Waɗannan ba wanda ya biya su ko anini. Suna wurin, ko sun ji daga bakin waɗanda ke wurin, kuma ƙaunarsa suke yi har aka kashe wasunsu a kai. Wanda ke ƙaunarka ba zai ƙaga maka magana ba."

Abdulnasir ya doki sitiyari don daɗi. "Ai nan ka faɗi, Malam! Mai albashi in ka ƙara masa zai iya gaya maka gaskiya. Mai ƙauna kuwa ko yanka shi za ka yi. Je ka tambayi Inna wane ne ni. Wallahi cewa za ta yi tun da ta haife ni ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba."

Kada wani ya ɗauka faɗa ne. Shekaru suka yi suna wannan gardama, kullum a tsaya inda aka tsaya jiya. Ranar Kirsimeti Abdulnasir kan karkato da mota har unguwar su Dogara ya ci shinkafar Rifkatu, ya koka da yawan barkono, ya nemi ƙari. Da babbar Sallah kuma cinyar rago guda ake aika wa Dogara. A ransa Dogara ya tabbata shi ke da gaskiya, kuma yana jin daɗin gardamar domin duk lokacin da ya maimaita amsarsa sai ya ji ta ƙara zauna masa.

Daminar da abin ya faru, ruwa ya yi yawa har mutane suka daina yi masa murna. Wata safiya aka kira Dogara gyara a Maruta. An kwana ana ruwa, an wayi gari ana yi, sai da hantsi ya ɗauke. Sauran fasinja suka sauka a wata kasuwa a hanya, ya rage su biyu a mota. Da suka iso wata kwalbati suka tarar ruwa ja yana bi ta saman titi. Dogara ya ce su dakata ya ragu. Abdulnasir ya ce ya san wurin nan fiye da tsakar gidansu, ya sa giya ya shiga. Abin da bai sani ba, ruwan ya riga ya cinye ƙasar gefen titin ta ƙarƙashi. Motar ta karkata a hankali, kamar mai shawara, sannan ta kifa ta gefen direba cikin kwari.

Dogara bai san yadda ya fita ta taga ba. Ya dai ga kansa kwance a kan ƙofar motar, ruwa na dukansa, yana leƙa ciki. Abdulnasir na ƙasa, sitiyari ya danne masa cinya, ruwa ya kai masa ƙirji. Dogara ya zura hannu ya cafke nasa hannun ya ja da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ko motsi.

"Dogara, ja ni!" Abdulnasir yake ihu. "Ja mana, me kake jira? Ƙafata! Wayyo Inna, wayyo ni!"

Bai taɓa kiransa Dogara kai tsaye ba, ba tare da Malam ba, sai ranar. Ruwan ya hau wuya, ya hau haɓa. Abdulnasir ya ɗaga fuska sama yana neman iska, idanunsa sun firfito da tsoro irin na yaro, ya ce, "Kada ka sake ni." Daga nan ruwa ya rufe bakin. Dogara bai sake shi ba. Manoman da suka sheƙo da igiyoyi sai da suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga hannun gawa.

Aka yi jana'iza a Birnin Kudu. Washegari Dogara ya je gaisuwa, ya samu gefen tabarma a ƙofar gida ya zauna cikin maza, kansa a sunkuye. Bai jima ba aka ce Inna Azumi, mahaifiyar mamacin, tana kiransa ciki. Ya tuɓe takalmi ya shiga ya durƙusa. Tsohuwar na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, tana ja. Bayanta Munira ce, matar Abdulnasir, lulluɓe cikin takaba, idanunta sun kumbura. Abdulnasir ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa, ko yanzu da ya mutu.

"Sannu, ɗan nan," ta ce. "An ce kai ne a kan abokinka har ƙarshe. Allah ya saka maka. Abu ɗaya zan tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ya samu cikawa da kalmar shahada?"

Dogara ya girma cikin Musulmi, ya san nauyin wannan tambaya. Ya san babu abin da uwa ke so ta ji game da ɗanta da ya mutu kamar a ce shahada ce maganarsa ta ƙarshe. Ya kuma san Inna ta sha yi wa Abdulnasir faɗa a kan haɗa salloli in yana kan hanya, kuma wannan ne ke cin ta tun jiya. Ya buɗe baki da niyyar ya ce ruwa ya yi ƙara, bai ji ba. Sai ya ga carbin ya tsaya cak a hannun tsohuwar, tana jira.

"Ya yi, Inna," ya ce. "Na ji da kunnena."

Inna Azumi ta ce alhamdulillahi, ta sake cewa, sannan ta fashe da kukan da ta riƙe tun jiya, amma kukan mai samun sauƙi ne. Munira ta kifa kai a bayan surukarta. Dogara ya fito yana jin ya yi abin kirki, kuma gaskiyar magana, ko ni da nake ba da labarin nan ban san abin da zan ce wa tsohuwar ba in ni ne.

Kafin ya sa takalminsa maganar ta riga shi fita waje. Wani malami a cikin masu zaman makoki ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, wannan shaida ta fi kowace ƙarfi, domin wanda ya ba da ita ba Musulmi ba ne. Me zai ci a ciki? Ba shi da dalilin ƙarya." Aka yi ta kabbara. Mutanen da ba su taɓa ba shi hannu ba suka taso suna gaishe shi. Kwana kaɗan bayan haka wani matashi daga wani gidan rediyo ya same shi a bakin famfo, ya kara masa waya a baki. Dogara ya maimaita abin da ya gaya wa Inna, don ba shi da wata hanyar.

Daga nan labarin ya fita daga hannunsa. A rediyo aka ce direban ya yi shahada sau uku da murya mai ƙarfi. A tasha, direbobi suka ce ya ɗaga yatsansa sama, yatsan ne ƙarshen abin da ruwa ya rufe. A wurin mata, wajen daka da wajen biki, aka ce murmushi yake yi, har ya ce wa abokinsa ya sake shi ya tsira da ransa. A waya kuma wani ya haɗa hoton motar da waƙe mai sa kuka, ya rubuta cewa Kiristan na dab da musulunta. Kowa in ya faɗi nasa sai ya rufe da cewa daga bakin Dogara aka ji. Shi kuwa yana zaune a mota ko a gindin famfo, yana jin ana ba da labarinsa iri-iri, ba wanda ya yi niyyar mugunta a cikinsu, kowa ƙara wa mamacin kyau yake yi. Direbobin da da ba sa ɗaukarsa yanzu rububinsa suke, ba sa karɓar kuɗinsa, su ɗaure bututun da hannunsu. Kowane alheri da aka yi masa sai ya ji kamar an ɗora masa dutse.

Inda abin ya fi cin sa shi ne ranar Lahadi. Ya tsaya a gaba kamar kullum, ya buɗe Littafi, yatsansa ya kama layi. Ya zo wurin da marubucin ke cewa shi ya gani da idonsa kuma shaidarsa gaskiya ce, sai ya tuna abin da ya gaya wa Inna Azumi. Shi ma haka ya ce, na ji da kunnena. Ba a biya shi ba. Yana wurin. Yana ƙaunar mutumin har ya kusa mutuwa tare da shi. Duk sharuɗɗan da ya shekara yana jera wa Abdulnasir a mota ya cika su, kuma ga abin da ya fito daga bakinsa. Ya tuna cewa a gindin gicciyen ma akwai uwar Yesu a tsaye, kuma dole wani ya dube ta ya ba ta amsa. Ya ƙarasa karatun ranar da ƙyar, tsofaffi suka ce amin, ba wanda ya lura.

Ya yi ta fama shi kaɗai har aka yi girbi. Ya rame, Rifkatu ta ɗauka firgitar ruwan ce ba ta sake shi ba, ta yi ta dafa masa saiwoyi. Daga ƙarshe wata Lahadi da Fasto Iliya ya zo, bayan an tashi, Dogara ya bi shi gindin darbejiyar da yake ajiye babur.

"Fasto, ina da tambaya. Waɗanda suka rubuta Linjila, yaya aka yi muka san ba su gyara ba?"

Fasto ya yi murmushi. Mutum ne mai haƙuri, ya sha jin irinta daga matasa. "Baba Dogara, kai da ke koya mana? Ruhu Mai Tsarki ne ya bi da su. Kuma bambancin da ke tsakaninsu ma shaida ne cewa ba su haɗa baki ba. Mutum huɗu in suka ga abu ɗaya, kowa da gefen da ya tsaya."

Dogara ya san wannan amsa, shi ma ya sha ba da ita. Ya ce, "To in mutum ya faɗi abin da bai ji ba, ba don mugunta ba, don tausayi?"

"Ƙarya ce dai. Sai ya tuba, ya koma ya gyara."

"Ko da maganar ta riga ta zaga gari? Ko da wata tsohuwa a kanta take kwana take tashi?"

Murmushin Fasto ya ɗauke. Ya dubi Dogara, ya daɗe yana dubansa, kuma a fuskarsa Dogara ya ga ya gane. Fasto ya waiwaya ya dubi 'yan gidajen unguwar, da yaran da ke wasa a ƙofar coci, da gonakin maƙwabta Musulmi da suka kewaye su ta ko'ina. Ya rage murya.

"Baba Dogara, mu nan gida nawa ne? Ka tashi yau ka ce Musulmin da duk ƙasar nan ta san ya cika da shahada bai yi ba, wa zai tsaya ya ji dalilinka? Cewa za a yi mu muka zuga ka. Wata gyaran a bar wa Allah."

Ya hau babur ya tafi. Dogara bai ga laifinsa ba, don gaskiya ya faɗa. Amma ya tsaya a gindin bishiyar yana jin wani abu na rushewa a cikinsa. Ga bawan Allah, mai tsoron Allah, ya auna abin da jama'arsa za su iya ɗauka, ya zaɓi abin da za a faɗa da abin da za a bari. Da Abdulnasir na nan, da ya doki sitiyari.

Bazara ta zo, da ita Juma'ar da ke gabanin Ista, ranar da Kirista ke tuna gicciye Yesu. Al'adar cocinsu ce a wannan rana a tattaro maganganun da ya yi a kan gicciye daga Linjila huɗun, a jera su, Dogara ya karanta ɗaya bayan ɗaya, ana waƙa a tsakani. Cocin ya cika har waje, kwano na ƙara saboda zafin rana. Dogara ya tashi, ya karanta na farko, ya karanta na biyu. Da ya zo wurin kukan, inda wanda ke mutuwa ya ɗaga murya yana tambayar Allah don me ya yashe shi, sai muryar Dogara ta fito da wani irin ƙarfi da ba a san shi da shi ba, har mata suka fara sharar hawaye. Wannan kam ya yarda da shi. Ya taɓa ganin irin fuskar da ke faɗin wannan magana. Kuma duk wanda ya rubuta ta bai ji tausayin uwar ba, ya fi shi ƙarfin hali.

Aka yi waƙa, aka gama. Ya juya shafi zuwa inda aka ce ya miƙa ransa cikin natsuwa. Yatsansa ya sauka a kan layin ya tsaya. Ba wai ya tabbata ƙarya ba ce. Da ya tabbata ma da sauƙi. Abin da ya gane shi ne ba zai ƙara sani ba har ya mutu, kuma ba zai iya buɗe baki ya zuba wa tsofaffin nan abin da shi kansa yake tambaya a kai ba. Wani jariri ya yi kuka, uwarsa ta ba shi nono. Dogara ya rufe Littafin ya miƙa wa Fasto Iliya.

"Idona ne, Fasto," ya ce. "Rubutun ya haɗe."

Tsofaffi suka yi ta yi masa sannu. Fasto ya karɓa ba tare da ya dube shi ba, ya ƙarasa karatun. Ranar kasuwa Rifkatu ta sayo masa tabarau, ya yi godiya, ya ajiye a taga. Tun daga ranar bai ƙara tsayawa a gaba ba. Yakan je coci, ya zauna a bencin baya kusa da ƙofa, in an ce a rufe ido ya rufe.

Ana gab da shiga wata daminar Munira ta aiko a gaya masa Inna Azumi ba lafiya, tana son ganinsa. Ya tarar da ita kwance, ta ƙanjame, idanunta sun yi fari ba ta gani sosai. Ta laluba ta kama hannunsa, hannun da ya riƙe ɗanta.

"Ɗan nan, sake gaya mini yadda abokinka ya cika. In na ji daga bakinka sai in samu barci."

Ya gaya mata. Ya ce ruwa ya taso, abokinsa ya yi shahada, ya ji da kunnensa.

"Ka manta yatsan," in ji Inna.

"Haka ne, Inna. Ya ɗaga yatsa."

"Yana murmushi."

"Yana murmushi, Inna."

Ta saki ajiyar zuciya, ta yi ta sa masa albarka, ta ce ko ba addininsu ɗaya ba ita ta san mai gaskiya in ta gan shi. Munira ta raka shi har zaure tana godiya.

Daga nan aiki ne ya kai shi wajen Gwaram. Da motar ta iso kwalbatin nan, wadda aka sake ginawa da sabon siminti, ya ce a sauke shi. Ya gangara cikin kwarin. Babu ruwa ko ɗigo, sai yashi da awaki suna kiwo. Ya tsaya daidai inda motar ta kifa, ya rufe ido. Abu ɗaya ya zo nema. Duk duniya shi kaɗai ya ji ainihin maganar Abdulnasir ta ƙarshe, kuma ko bai gaya wa kowa ba, yana so ya riƙe wa abokinsa ita yadda take, da tsoronta da komai.

Ya kasa kunne. Muryar ta zo masa tar, muryar Abdulnasir ce ba shakka, da 'yar shaƙewar nan tata, amma shahada take yi. Ya girgiza kai, ya sake gwadawa. Ya ga yatsa a saman ruwa. Ya san bai ga yatsa ba ranar, ya san hannun na cikin nasa hannun, amma ga yatsan nan a idonsa. Ya lalubo kalmomin da ya san su ne na gaske, ya furta su a fili, sai ya ji su da tasa muryar, kamar abin da ya ƙaga yanzu. Ya faɗi ɗayan labarin sau da yawa har ya murƙushe na ainihin. Ya durƙusa a kan yashi, baƙin ciki ya cika shi, ya so ya yi addu'a, ya rasa da wace kalma zai fara. Mutum ɗaya ne zai iya gaya wa wannan ya fahimta, ya yi masa dariya ya ce ai na gaya maka, kuma a nan wurin ya mutu.

Ya hau titi ya tsaya da buhunsa. Ba a jima ba wata mota ta ci birki, direban ya leƙo da fara'a.

"A'a, Malam Dogara mai shaida! Shigo gaba, kai ba ka biya."

Ya shiga. Rediyo na kunne, ana labaran rana. Direban ya rage murya, ya juya ya ce wa fasinja, "Kun san wannan? Shi ne wanda ke riƙe da marigayi Abdulnasir a kwalbatin nan da muka wuce." Motar ta ɗauki salati. Wata mata daga baya ta matso ta ce, "Don Allah Baba, ba mu labarin da bakinka. Mu a rediyo kawai muka ji, ka san su ba a raba su da ƙari."

Dogara ya dubi titi, ya gyara buhun a kan cinyarsa, ya fara.